Baba Illa ya tahi ban roƙe shi gahwara ba

Yau da sahe anka kira ni, wai Baba Illa makanike ya rasu. Ya dawo daga masallaci, ya ce ƙirji na yi mai ciwo, kahin a kai shi likita rai ya yi halinshi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar mota nan Tawa ya san shi. Shi ake ɗauka ya duba kahin a biya. Ya shiga ƙarƙashi da tsohuwar rigarshi, ya taɓa baƙin mai ya sunsuna, ya sa a tada inji ya tsaya bakin salansa shina saurare.

Shekara goma sha ɗaya ina kabu-kabu, bayana ya gaji. Na saida babur, inna ta saida tumakinta, don in samu mota in riƙa jigila Tawa zuwa Takanamat. Mota ukku ya duba min bai amshi ko dala ba. Ranar da munka wuni wurin dillalai shi ya saya min abinci.

Dukansu ya ce a'a.

Ta ƙarshe ranar Talata ce, wata hwara 'yar Kwatano, fenti sabo. Raina ya kwanta da ita. Ya daɗe ƙarƙashi, sannan ya jawo hannuna ya aza bisa shasi, na ji tudun walda da anka ɓoye da fenti.

Ya ce, "Ɗana, wagga ta taɓa rabewa biyu. Ka ɗauki mutane da buhuhuwa ka hau hanyar Takanamat, ba ta kai ku."

Wata biyu ke nan ba ni da sana'a, gida ana ci daga kuɗin motar. Na yi hushi. Gaban dillali na ce mai ko dai ba ya son in ci gaba ne. Bai rama ba, ya share hannunshi kawai, ya ce in ƙara haƙuri kwana kaɗan. Na juya ban yi mai sallama ba.

Jiya ya kira ni sau biyu. Na gani, ban ɗauka ba.

Wurin gaisuwa Inna Hajo, matarshi, ta ce min ya shigo jiya da murna, wai ya samo min mota mai lahiya, Asabar za ya kai ni. Na tambaye ta wurin wa. Ba ta sani ba. Gareji ma babu wanda ya hwaɗa wa.

Ban san inda zan nuhwa ba. Amma wallahi ba motar ke cin raina ba, maganar da na yi wa dattijon nan ce.

Allah ka jiƙan Baba Illa, ka haskaka kabarinshi, ka isar mai da nadamata.

Don Allah wanda duk ya karanta ya yi mai addu'a. Ni ma ku sa ni ciki.