Malam Sau Uku da Akwatunan Babana

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, ina wurin aiki da safar roba a hannu wayata ta yi ƙara a aljihu. Sai da na gama abin da ke gabana na duba, na ga babbar 'yarka ce, Malam. Da na kira ta, ta yi sallama da wata murya da ban san ta da ita ba, ta ce, "Yaya, Baba ya cika ɗazu." Na nemi kujera na zauna. Na Allah muke, Malam, kuma gare Shi kowa zai koma, amma ban zaci za ka tafi kafin damina ba.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana koyar da kimiyya a makarantarmu. Akwai waɗanda suka fi ni saninka, kuma za su faɗi abin da ya fi nawa. Ni abu guda nake so in ajiye a rubuce: sati shidan da ka yi kana fama da mu a kan akwatuna uku, shekara ashirin da biyu da suka wuce.

Ban san wanda ya laƙa maka Sau Uku ba, mun zo mun tarar da sunan ne. Duk ɗalibin da ya auna abu ya kawo maka, tambayarka ɗaya ce: sau nawa? In ya ce sau ɗaya, sai ka miƙa masa littafinsa ba tare da ka buɗe ba, sai ya je ya cika uku. Mun ɗauka ba ka san sunan ba, har ranar da shugaban makaranta ya yi suɓul da baka ya kira ka da shi a taron safe. Ka amsa, ka fito gaba kamar sunan yanka ne.

Muna aji biyar aka sanar da baje kolin kimiyya na makarantun yankinmu. Ka haɗa ni da ƙawata, wadda muke kira Lauya saboda ba a gama magana da ita. Muka shiga ɗakin karatu muka kwafo shafi huɗu, muka sa masa kai "Zafi da Illolinsa ga Ɗan Adam", muka kawo maka muna jin kanmu. Ka karanta har ƙarshe, ka cire tabarau, ka ce, "Wannan wa'azi ne. Ina tambayar?" Ka ce mu je mu nemo abin da ya dame mu da gaske, wanda ba mu san amsarsa ba, wanda kuma za a iya aunawa.

Abin da ya dame ni yana ƙofar gidanmu. Babana kafinta ne, shagonsa rufin kwano ne babu silin. Da rana ta take, sai ya jiƙa tsumma ya ɗora a ka, in abin ya ƙi ya ajiye zarto ya fita inuwar katanga, aiki ya tsaya sai la'asar. Daga nan tambayarmu ta fito: me zai fi sanyaya ɗaki mai rufin kwano, a shafa wa kwanon farin fenti, ko a shimfiɗa garin katako a ƙarƙashinsa? Da muka kawo maka ita, ka ɗauki alli ka rubuta ta a allo da hannunka, ka ja mata layi. Wannan layin shi ne yabo mafi girma da aka san ka da shi.

Ka zaunar da mu muka tsara aikin tun kafin a taɓa ƙusa. Akwatuna uku, girmansu ɗaya, katakonsu ɗaya, kowanne da rufin kwano. Ɗaya a yi masa fenti, ɗaya garin katako, ɗaya a bar shi yadda yake. Lauya ta ce na ukun ɓarnar katako ne kawai. Ka ce mata, "In babu wanda aka ƙyale, da wa za ki kwatanta sauran?" Sannan ka sa kowaccenmu ta rubuta zatonta a shafin farko ta sa hannu. Ni na rubuta garin katako, domin Baba ya riga ya gaya min haka.

Baba ne ya ƙera akwatunan, kuma ya kasa ɓoye son kai. Na garin katakon ya fi sauran faɗi kaɗan, ya goge shi yana sheƙi, har da mariƙi. Ka zo shagon a kan tsohon babur ɗinka, ka zaro tef daga aljihu ka auna su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, inci ɗaya ne fa," in ji Baba.

Ka ce, "Shi inci ɗayan nan ne zai ɓata mana komai. Ba za mu san garin katako ne ya yi aiki ko faɗin akwatin ba."

Baba ya yi ta mita, wai shekara ashirin yana sana'a ba a taɓa dawo masa da aiki ba sai yau, a gaban 'yarsa. Amma kafin magariba ya ɓalle akwatin ya sake shi. Tun daga ranar kuka zama abokai, in ka biyo ta layinmu sai ka tsaya kun yi musu kafin ka wuce.

Ma'aunin zafi uku kawai makarantar take da su, a kulle a kabad ɗinka. Kafin ka ba mu, ka tsoma su duka a kofin ruwa ɗaya, sai ga guda ya ɗara sauran da digiri ɗaya. Ka manna masa takarda, ka ce kullum mu riƙa juya su a tsakanin akwatunan. Muka jera akwatunan a fili bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda inuwa ba ta kaiwa. Ana dubawa ƙarfe goma, sha biyu da ƙarfe biyu. Yau ni, gobe Lauya.

Shi kuwa Baba ya cika layi da labari. Tela na kusa da shi ya ji, mai walda ya ji, har mai gyaran keke: wai sharar shagonsa ce za ta kai 'yarsa gasa. Kullum na dawo, tun ban ajiye jaka ba zai ce, "Yau yaya akwatina?"

Akwatinsa ba ya ci. Ya fi wanda aka ƙyale sanyi sosai, amma farin ya fi shi, kullum da digiri biyu ko uku. A rana ta uku na tsaya da biro a hannu ina kallon ma'aunin, sai na rubuta abin da bai nuna ba. Na gaya wa kaina sau ɗaya ne. Daga nan duk ranar da take tawa sai na rage lambar akwatin Baba.

Rana ta goma ka ce in tsaya bayan an tashi. Har yanzu ina ganin ɗakin: dogayen tebura masu tabon ƙuna, famfon da ba ya rufuwa, ƙwarangwal ɗin roba da yara suka karya wa yatsa. Ka baje wata takarda, ka zana lambobinmu a kanta rana bayan rana. Layin akwatin Baba yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto.

Ka ce, "Wannan akwati yana jin kunyarki. Duk ranar da ke kika duba shi sai ya huce."

Na fashe da kuka. Ba ka rarrashe ni ba, ba ka kuma tsawata ba. Ka tashi ka shiga wanke kwalabe har na yi shiru da kaina. Dokar gasar ta ba ka damar cire sunana a ranar, kuma na san haka. Da ka dawo ka zauna, ka ce lambobi ba su dame ka ba, ana iya sake su. "Abin da ya dame ni, kin ɗauka babanki ba zai iya jin gaskiya ba. Mutumin da ya ɓalle akwati saboda inci ɗaya. Kin raina shi, 'yata."

Ban taɓa jin maganar da ta shige ni kamar wannan ba.

Ka hana ni goge komai, ka hana ni yage shafi. Kowace lambar ƙarya na ja mata layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta ta, na rubuta dalili a gefe. Ka ce ni zan gaya wa Lauya da bakina. Na gaya mata, ta dube ni ta juya, kwana biyu ba ta ce min uffan ba. A iya sanina shi ne shirun da ya fi tsawo a rayuwarta. Saura kwana tara a yi baje kolin, muka faro daga farko, wannan karon mu biyu muke dubawa tare mu sa hannu. Asabar da Lahadi makaranta a rufe take. Kai ka karɓi mabuɗin ƙofa, ka zo ka zauna a gindin bishiya kana duba jarrabawar 'yan aji uku, mu kuma muna jiran ƙarfe biyu ta yi. Sai bayan shekaru maiɗakinka ta gaya min cewa a wancan satin ƙaramin ɗanku yana kwance a asibiti, daga wurinmu can kake wucewa.

Saura Baba. Na roƙe ka ka gaya masa, ka ƙi, amma ka raka ni. Yana goge wani katako na yi masa bayani, bai ɗago ba har na gama. Can ya ce, "Da nawa farin ya ci ni?"

Na ce uku.

"Ke kuma nawa kike ragewa?"

Na ce uku, wani lokaci huɗu.

Ya dube ka ya ce, "To, Malam, aƙalla ta iya lissafi." Kuka yi dariya ku biyu, ni ban yi ba. Sannan ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kira ni kusa, ya ce, "Kada ki ƙara yi min irin wannan taimako."

Ranar baje kolin aka cika babban zaure da tebura. Na so in kwafe lambobinmu a sabon littafi mai tsabta, ka ce tsohon za a ajiye a gaban allonmu. Cikin alƙalai akwai wata dattijuwa mai tabarau, kuma kamar an nuna mata, shafin nan ta fara buɗewa. Ta tambayi dalilin layukan. Na waiga in neme ka, sai na hango ka can ƙarshen zaure ka ba mu baya, kana kallon aikin wata makaranta. Na gaya mata komai. Ta rubuta wani abu ta wuce. Mun zo na huɗu, kyauta kuwa ta tsaya a na uku. Waɗanda suka yi na ɗaya wani gidan kwali suka kawo mai ƙararrawar ƙofa. Lauya ta yi ta ƙorafi tun daga zauren har muka sauka daga mota. Kai abin da ka ce kawai shi ne, "Kun amsa tambayarku ko ba ku amsa ba?" Muka ce mun amsa. Ka ce, "To."

Wata bai cika ba Baba ya hau tsani ya shafe rufin shagonsa da farin fenti. Tela ya shigo ya ji bambanci ya yi nasa, mai walda ya biyo baya. Har Allah ya karɓi ransa, Baba yana gaya wa mutane cewa dabararsa ce, kai kuma ba ka taɓa ƙaryata shi ba. Ranar da ya rasu kana cikin waɗanda suka fara isowa, kuma kai ne na ƙarshen tashi.

Yau a ɗakin gwajin jini na asibiti nake aiki. Akwai ranakun da na'ura ke fito da lambar da ba na so, a kan takardar wanda na sani, kuma dole in rubuta ta yadda take in sa hannu. Ban taɓa gaya maka a ina na koyi hakan ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Akwai kuma abin da nake jin nauyinsa. Shekara huɗu a jere kana aiko min in zo in zauna cikin alƙalan baje kolin, kullum ina kawo uzurin aiki. Bana na amsa. Da na zo duba ka sati uku da suka wuce, na same ka a jingine da matashi, ka rame har agogo na yawo a hannunka, ga takardun yara a barbaje a kan gado. Ka yi ritaya tun bara, amma har gida suke biyo ka. Ka zaro ta wata yarinya mai son ta gano ko ruwan wanki yana kashe shuka, ka miƙo min. Na ɗauki biro zan gyara mata, ka riƙe hannuna ka ce, "Kada ki gyara. Yi mata tambaya kawai." Maganar ƙarshe ke nan da ka yi min ban da sallama. Ranar bakwai ga watan gobe za a yi taron. Zan je, in Allah ya yarda, zan kuma nemi teburin yarinyar nan. Na so a ce kana zauren ko da ka ba mu baya ne.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na 'ya'yan mutane, Ka sa ilimin da ya bari ya riƙa kai masa lada har ranar tsayuwa, Ka saukar da shi a Aljannar Firdausi tare da iyayensa da mahaifina.

Mama, ke da kika ba mu aron mijinki shekara da shekaru ba ki taɓa nuna mana gajiya ba, Allah ya ba ki haƙuri da ladan haƙuri. Ƙannena, 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da malaman makarantarmu, da ɗaliban da takardunsu ke kan gadonsa har yanzu, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma karɓa daga gare ku, domin ni ma uba na rasa. Allah ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.