Matar da Take Mayar wa Alby Gidansa

Ƙarfe shida na safe a-kori-kurar Noelene Tuckwell take tashi, in ta ga damar tashi. Duk wanda yake layinsu a garin Geelong na ƙasar Ostireliya ya san tarin motar nan. A bayanta akwai bokiti biyu, tsani, kwalaye a ninke, da buhun fararen matasai waɗanda ba wanda ya taɓa jingina da su. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana sana'a ɗaya. In za a sayar da gida, ita ake kira ta gyara shi kafin Asabar, ranar da dillali yake kafa allonsa a bakin ƙofa, a buɗe gidan na rabin awa, kowa ya shigo ya leƙa har cikin durowa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don gwiwa ta ce ya isa haka. Dillalai ga hotunansu nan a alluna suna washe baki, ita kuwa ko sunanta ba a taɓa rubutawa ba. To, yau sai an rubuta shi.

Dokarta ɗaya ce, kuma takan faɗe ta tun daga bakin ƙofa: "Mai saye ba kai ya zo gani ba, kansa ya zo gani." Hotunan aure, takardun jikin firiji, tsofaffin takalma, kofin da aka ci a gasar kamun kifi, duk cikin kwali sai gareji. Waɗanda suka ga aikinta ba sa gajiya da ba da labari. Wata ta rantse Noelene ta fitar da warin kyanwa tara daga kafet a wuni biyu. Wani ya ce da ya leƙa falonsa sai da ya nemi izinin zama. Ita ma da wannan take alfahari, har ranar da aka kira ta gidan Alby Farrugia.

Alby shekararsa tamanin da huɗu. Daga ƙasar Malta ya zo yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar motoci, ya gina gidan nan da hannunsa. Matarsa ta rasu, mantuwa kuma ta fara cinsa. 'Yarsa Rita ta samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita, amma ɗakin sai bayan wata guda, kuma dole a sayar da gidan. Wato Asabar huɗu za a yi ana nuna gida mai gidan yana ciki.

Asabar ta farko Noelene ta yi aikinta yadda ta saba. Rita ta fita da tsohon su sha shayi, amma ya ƙi zama, suka dawo mutane na tsaka da shiga. Alby ya ga layi a ƙofa, sai ya bi layi. Craig Pellow, dillalin, yana tsaye da takardar rubuta sunayen masu shiga, ya ɗago kai ya gan shi.

"Alby? Ai kai ba sai ka..."

"Rubuta sunana mana, mai taye. Ko ban yi maka kama da mai sayen gida ba?"

Craig ya dubi Rita, Rita ta dubi ƙasa, Craig ya rubuta. Alby ya cire takalmi kamar kowa ya shiga, hula a hannu. Ya tarar da Noelene a kicin tana gyara zaman kwanon lemun tsami.

"Ke ce mai gidan?"

"A'a, aiki nake yi."

"Gida mai kyau, amma ba kowa a cikinsa. Wa yake shan lemun tsami goma sha biyu?" Ya juya wajen wasu mata da miji da suke ƙwanƙwasa bango. "Ku duba famfon wanki, yoyo yake yi in sanyi ya shigo."

"Ta ina ka sani, dattijo?" in ji mijin.

 Alby ya dubi famfon, ya dubi hannunsa. Can ya ce, "Rita, kai ni gida. Na gaji."

"Baba, gida fa muke."

"Kar ki raina min hankali. Ina kujerata? Ina hoton uwarki?"

Mutane suka watse, Craig ya naɗe allonsa, Alby kuwa ya zauna a matakalar baranda yana jiran a kai shi gida. Aka yi lallashi, aka yi rantsuwa, ya ce shi ba ya shiga gidan mutane ba a gayyace shi ba. Rita ta zauna gefensa tana kuka.

Noelene ta tsaya a tsakiyar falo ta rasa abin yi, wallahi ta rasa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Aikin ya yi kyau, kyawunsa ne ma ya kori mutum daga gidansa. To wa za ta ba haƙuri? Kuma ranar Asabar mai zuwa ta yi yaya? In ba a kwashe ba gida ba zai sayu da daraja ba, in an kwashe Alby ba shi da gida. Ta fita gareji ta fara jawo kwalaye, ba don ta san dabara ba, sai don ba ta iya tsayawa hannu sake.

Nan fa aka shiga wani ruɗanin. A tsawon aikinta ba ta taɓa mayar da kaya ba, don haka ba ta taɓa kula inda suke ba. Ta bi sawun ƙafafun kujera a kafet, ta bi inda fenti ya fi haske a bango. Rita ta buɗe hotunan Kirsimeti a wayarta suna leƙen abin da yake bayan kawunan mutane.

"Rediyon a kan firiji yake."

"A taga yake, Noelene. A gidan nan na girma."

"To me ya sa ga shatinsa a kan firiji?"

"Oho! Wallahi ni ma yanzu ban sani ba."

Sai da la'asar ta yi suka gama. Rita ta riƙo hannun uban ta shigo da shi. Ya tsaya, ya dudduba, ya nufi taga ya ɗauke rediyon ya ɗora a kan firiji.

"Wa ya taɓa min rediyo?" Ya faɗa kujerarsa. "A ɗora shayi."

Da Craig ya ji labari ranar Litinin, ya dafe kai.

"Kin mayar? Duka? Noelene, saura Asabar uku, ga kuma nunin gida na ranar Laraba!"

"Zan kwashe da safe, in mayar da rana."

"Gida guda, sau biyu a wuni? Da wannan gwiwar?"

"Kai dai kafa allonka, ka yi murmushinka."

Haka ta yi. Ta ɗauki hoton kowane lungu, ta sa wa kwalaye lamba. Ƙarfe takwas Rita ta fita da tsohon, ƙarfe goma gida ya zama na kowa, ƙarfe ɗaya ya koma na Alby, har tsohuwar jaridar da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera. Kuma kar wani ya ce abin ya tafi sumul. Wata Laraba masu saye suka tarar da haƙoran robar Alby a kofi kusa da lemun tsami. Wata rana ta kama hanyar gida, a tsakiyar titi ta kasa tuna ko kwashewa ta yi ko mayarwa, sai da ta juyo ta leƙa ta taga. Shi kuma Alby kullum da sunan da yake ba ta, yau ma'aikaciyar asibiti, gobe matar hukuma. Ya taɓa jan maƙwabcinsa gefe ya ce, "Akwai wata mata da take sace min kaya. Amma tana dawo da su. Ɓarauniyar kirki ce."

Ke ce wannan ɓarauniyar, Noelene. Ke ce mai ɗaukar kujera da gwiwar da likita ya ce a hutar. Ba ki san ko daidai kike yi ba, kin faɗa wa Rita haka da bakinki, amma ko sau ɗaya Alby bai sake zama a matakala ba.

Ranar gwanjo aka taru a bakin titi, aka yi ta ɗaga hannu, wasu ma'aurata masu 'ya'ya biyu suka saya. Alby yana tsaye a jikin shingen maƙwabci, ya tafa tare da kowa, ya tambayi gidan wa aka sayar. 

Aikin Noelene ya ƙare ke nan. Amma ranar ƙaura Rita ta kira ta. "Zai zauna a bakin ƙofar gidan tsofaffin yana jiran a kai shi gida, kuma wannan karon babu gidan." Noelene ta tashi mota. Ta riga su zuwa gidan tsofaffin da kwali shida da kujera. Ɗakin ƙarami ne, ba inda ya yi kama da na Alby. Ta juya gado sau uku. Ta rataya hoton matarsa, ta sauke, ta sake ratayawa. Babu babban firiji, sai ta ɗora rediyon a kan durowa mai tsayinsa. Da ta ji tafiyarsu ta koma gefe.

Alby ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Ya dubi hoton, ya dubi kujerar, ya ɗaure fuska.

"Wa ya matsar da tagar?"

Ya nuna bangon hagu.

"A hagu take. Shekara hamsin a hagu take." Ya shigo, ya rataya hularsa, ya zauna. Ya nuna Noelene da yatsa. "Ke, na san aikinki ne. Ki mayar da ita kafin ki tafi."

"To, Alby. Bari in sha shayi tukuna."

Mun gode, Noelene, Allah ya ba gwiwar nan hutu. Ku kuma masu tasowa a sana'ar, ku koyi goge gilashi da jera matasai, ba laifi. Amma kafin ku ɗaga kujerar mutum, ku duba inda take, ku kuma tambayi wa yake zama a kanta.