Yarinyar Ƙarshe a Madubin Goggo

Jiya na shiga shagon wata tela, madubai biyu suna kallon juna, sai gabana ya ɗan faɗi kamar ina 'yar aji biyu a Safana.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara isowa har ƙauye. Kawuna, malamin firamare a Batsari, ya sayo wa matarsa, wadda muke kira Goggo, sif mai ƙofa biyu, kowace da madubi. Akori-kura ta kawo shi da kaka, gida duk warin ɗanyar gyaɗa. Wata rana da hantsi aka aike ni ɗakin Goggo in ɗauko faifai. Na buɗe ƙofofin biyu, na leƙa tsakaninsu.

Sai ga 'yan mata a jere, duk masu kitsona, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta, suna nitsewa cikin wani duhu kore-kore. Ka san a lokacin hirar mayu ba ta ƙarewa a bakin rijiya. Nan take na yanke cewa ta can ƙarshe kurwata ce, an kama ta ana tafiya da ita.

Ban gaya wa kowa ba. Na daina cin tuwo, ko fura ba ta wucewa. Inna ta yi ta dafa mini sabara, tana zaton shawara ce. Kakata ce ta zaunar da ni a gindin rumbu, ta yi ta lallashi har na faɗa. Ba ta yi dariya ba. Ta ja hannuna sai wurin Kawu.

Da ya ji labarin, ya ɗauki ludayi ya riƙe tsakanin madubai biyun, ludaya suka jeru.

“Shi ma an kama kurwarsa?”

Na girgiza kai.

“To faɗa mini lambar da ta fi kowace girma.”

Na ce dubu. Ya ce in ƙara ɗaya. Na ƙara, ya ce in sake. Muka yi ta yi har na gaji.

“Kin gani, babu ta ƙarshe. Madubi ke miƙa wa madubi hotonki. Wadda babu ita, wa zai kama ta?”

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Kakata ta zura kanta ta duba, ta daɗe, sannan ta ce, “Tsofaffi haka, wa zai ci da su?” Amma ba ta yarda da Kawu ba. Ta ce Allah kaɗai ne ba shi da ƙarshe, idonmu ne ya gaza. Kawu ya ce a madubi tana da gaskiya, haske raguwa yake yi, amma ƙidaya ba ta gajiya.

Yanzu jikokina suna rubuta alamar abin da ba shi da ƙarshe, takwas a kwance, su rufe littafi su tafi wasa. Ban taɓa ganin ta hana ɗayansu cin abinci ba, kuma ina gode wa Allah. Sai dai ba na jin sun taɓa leƙawa ciki.