Kilo Hamsin a Ƙirjin Mala'ika

Ni bahaguwa ce, kuma ban san abin zai zame mini magana ba sai da na yi aure. A gidanmu, can wajen Kagarko, an yi ta buge mini hannu ina ƙarama har aka gaji aka ƙyale ni. Na koyi cin abinci da dama, na koyi karɓar abu da dama, amma allura da almakashi suka ƙi. Gwaggona da ta koya mini ɗinki ta ce tunda layin yana fita a miƙe, ita ba ruwanta da hannun da ya fitar da shi.

A 1987 aka kawo ni Kafanchan, gidan iyayen mijina. Shi ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yau yana nan gobe ba ya nan, saboda haka yawancin yini daga ni sai uwarsa. Yarenmu ba ɗaya ba ne, Hausa ce ta haɗa mu, ita da tata irin ta kasuwa da coci, wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Ina ce mata Mama, tana ce mini Amarya. Har na haihu na yaye ban tashi daga Amarya ba.

Mama tana da keken ɗinki na ƙafa, baƙi, mai murfin katako, mabuɗinsa kullum a ɗaure a bakin zaninta. Tun ranar da na fara ganinsa raina ya biya. Da na yi mako biyu a gidan na ce mata na iya ɗinki. Ta dube ni, ta miƙo mini almakashi da wani ƙyalle, ta ce in yanka ta gani. Na karɓa da dama yadda ladabi ya ce, sannan na mayar da shi hagu. Ko tsinin almakashin bai taɓa ƙyallen ba ta karɓe abinta.

“Keke na ba ya son hagu,” in ji ta. “Hagu yana da aikin shi, ba a nan ba.”

Ni mai zuciya ce, duk wanda ya san ni ya san haka. Ranar na daka masarar da ta ishe mu kwana uku don haushi. Aikina a wajen keken ya zama shara. Ina share ƙyallayen da suka zuba, in tsince masu kyau in tara a kwando. Da su na haɗa wa ɗana bargo da hannu, guntun atamfa kusa da guntun yadin makaranta, na sa tsohon zani a ciki don kauri. Na ɗinka wa mijina jakar abinci da buhun taki, har abokan aikinsa suka riƙa aiko da nasu buhunan. Mama ta ɗauki bargon wata rana, ta juya shi gaba da baya, ta daɗe tana shafawa. Na tsaya ina jira. Ta ajiye ta ce, “Zai yi ɗumi.” Iyakar abin da na samu ke nan.

Abin da aka san Mama da shi a cocinmu shi ne kayan dirama. Kowace Kirsimeti yaran Sande skul, wato makarantar Lahadi, suna yin wasan haihuwar Almasihu bayan sujadar safe, kuma tun mijina yana yaro ita ke ɗinka musu kaya. Makiyaya buhun algarara, shehuna uku masu kawo wa jaririn kyautai tsofaffin zannuwa masu ƙyalli, mala'ika kuwa buhun fulawa. A lokacin buhun fulawa na yadin auduga ne, fari, mai ƙarko. Wani Alhaji mai gidan burodi a bayan kasuwa, wanda tun kakansa suke garin, shi ke ajiye mata su duk shekara, kuma in ta je karɓa sai sun yi rabin awa suna tsokanar juna.

Wahalar buhun ita ce rubutun jikinsa, ja da shuɗi. Sai a farke shi, a jiƙa da kanwa kwana biyu, a wanke da sabulun salo, a shanya a kan ciyawa rana ta ci shi, a sake. Duk yadda aka yi, inuwar rubutun ba ta fita gaba ɗaya a fuska ɗaya. Dabarar ita ce a ɗaga yadin a haske, a gane fuskar da ke da inuwar, a juya ta ciki. Wannan ne kaɗai abin da yatsa ba ya iya gaya wa mai ɗinki, don fuskokin biyu laushinsu ɗaya. Sai ido.

A 1989 na gane idon Mama yana tafiya. Ba ta faɗa ba, kuma ba mai faɗa ba ce. Sai dai ta ce, “Amarya, zo ki sa mini zare a allura, hannu na akwai mai.” In duba hannun, a bushe yake ƙayau. In baƙo ya shigo ba ta gaishe shi sai ya fara magana. Ɗinkinta bai lalace ba, don yatsunta sun san hanya, amma ta rage sauri. A zumuntar mata ta coci kuwa an fara ƙus-ƙus. Wata ta dawo daga Kaduna da keke mai zigizaga, wasu suna cewa ai lokaci ya yi da za a hutar da Mama. Ta ji, ta dawo gida ba ta ci tuwo ba.

A shekarar nan fulawa ta yi wuya, Alhaji bai iya samar mata ba sai buhu biyu, daidai riga ɗaya. Ta ɗinka ta cikin kwana uku, doguwa har ƙasa, mai faɗin hannu, ta yi kalmasar wuya da ta ƙasa da hannu kamar yadda ta saba. Saura kwana huɗu Kirsimeti ta ba ni in ɗauraye in shanya, ita za ta tafi Zangon Kataf jana'izar wata 'yar'uwarta, sai washegari da yamma za ta dawo.

Na shanya rigar a igiya, na juya zan tafi, rana ta haske ta. A tsakiyar ƙirji, dishi-dishi amma kowa zai iya karantawa, ga 50 KG. A ƙasansa ga zangarniyar alkama. Baya ma haka. Mama ta juya yadin duka biyu waje.

Gaskiya dariya ce ta fara zo mini, don yarinyar da za ta yi mala'ikan, 'yar hedimasta, siririya ce ƙwarai, ko an haɗa ta da fuka-fukanta ba za ta kai rabin haka ba. Bayan dariyar sai na tuna ranar wasan. Za ta tsaya a kan benci gaban taga, hannu a sama, coci cike, kuma duk mai ido zai san abin da ya sami Mama. Wani ɓangare na zuciyata ya ce in bar ta, ai hannun dama ne ya yi. Ba zan ɓoye ba, na tsaya a kan wannan tunanin har ruwan wankin ya gama tsiyayewa daga rigar.

In na gaya mata, na nuna mata na san abin da take ɓoyewa. In na gyara, na taɓa aikin da ta hana ni. Keken a rufe, mabuɗi yana Zangon Kataf a bakin zani. Wani buhun babu. Da rigar ta bushe na kai ɗana wajen maƙwabciya, na zauna a ƙarƙashin mangwaro da reza.

Na farke ta kaf, gaba, baya, hannuwa biyu, a hankali don kada yadin ya tsage. Na juya kowane yanki, na ɗaga shi a rana sau biyu don in tabbata. Sannan na fara haɗawa da allura, irin ɗinkin da gwaggona ta koya mini, a soka a koma baya a sake sokawa, ƙanana a jere har ya yi kama da na keke. Na bi ramukan da allurar kekenta ta bari, ɗaya bayan ɗaya. Ranar ba a ci abincin kirki a gidan ba. Da haske ya tafi na ajiye, gari na wayewa na ɗauka. Babban yatsana na hagu ya huje a wuri biyu, ina naɗe shi da tsumma don kada jini ya taɓa farin. Kafin la'asar na gama kalmasar wuya, na goge da dutsen guga na gawayi, na ninke ta yadda take ninkewa. Da na ɗaga ta na duba kafin in ninke, ni kaina na san ban taɓa yin aiki irinsa ba.

Mama ta dawo a gajiye. Bayan ta sha ruwa ta ce in kawo rigar. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta bi gefe da yatsa, ta bi hannu, ta zo wuya. A nan yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Ina tsaye riƙe da kofi. Ta ninke rigar ta ce in sa a akwati, ta tambaye ni ko an ba kaji ruwa.

Ranar Kirsimeti yarinyar ta hau benci, rana ta shigo ta taga ta sauka a kanta, rigar fara fat, babu ko ɗigo. Har matar fasto ta juyo ta yi wa Mama alama da kai. Bayan an tashi mata suka kewaye ta a bakin coci. Mai keken zigizaga da kanta ta kama gefen rigar ta duba, ta ce, “Mama, wannan keke naki har yanzu yana aiki kamar sabo.”

“Mun gode Allah,” in ji Mama.

Shi ke nan. Ta karɓi yabon duka, ba ta ko waiwayo inda nake ba. Na goya ɗana na yi gaba, ina tafe ina ƙuna. Na ce a raina da na sani na bar ta da kilo hamsin ɗinta.

Da la'asar, baƙi sun ci shinkafa sun watse, mijina ya fita gaishe-gaishe, ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a gaban keken, murfin a buɗe.

“Wa ya taɓa rigan mala'ika?”

“Ni ce, Mama.”

“Na sani. Kalmasa na yana kwanta haka.” Ta karkata tafin hannunta gefe ɗaya. “Wannan ya kwanta haka.” Ta karkata shi ɗaya gefen. “Tun da na taɓa bargon yaron nan na san kwanciyan ɗinkin ki. Me ya sa kin farke?”

Na fara kame-kame. Ta ce in faɗa.

“Rubutun ne ya fito waje, Mama.”

“Me rubutun ya ce?”

“Kilo hamsin.”

Sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ta yi ta yi har ta kama gefen keken. Ni ma na kasa riƙewa. Da dariyar ta lafa ta goge ido da bakin zani, kuma wannan karon ban tabbata dariyar ce kaɗai ta kawo hawayen ba.

“Kin faɗa ma wani?”

“Ko ɗanki ban faɗa wa ba.”

“Tun yaushe kin sani?”

“Tun damina.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce a coci ba ta iya buɗe baki ba, don in ta ce ni na ɗinka za a tambaye ta dalili, ita kuwa ba ta shirya ba tukuna. Ta ce badi za ta gaya musu da bakinta, kafin a fara rihasal, wato gwajin wasan, cewa kayan dirama ba su bar gidan nan ba, hannu ne kawai ya canza. Ta kwance mabuɗin daga bakin zaninta ta ajiye a kan keken, ta lalubo almakashinta babba, wanda ko mijina ba ya taɓawa, ta miƙo mini.

Na miƙa hannun dama, yadda aka koya mini tun ina yarinya. Ta taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba ta ji tsumma ba, ta janye almakashin.

“Ba wannan ba, 'yata,” in ji ta. “Kawo wanda ya yi aikin.”