Baba Oyedokun da Tabon Girar Kehinde

Shekara arba'in da ɗaya, kullum Baba Oyedokun sai ya riga masu ƙosai fitowa a garin Ila-Orangun na ƙasar Yarabawa. Ya share ƙofar shago, ya fiƙe fensirinsa kamar allura, ya duƙufa kan gyaran hotuna. Watan jiya ido ya gaza, ya rufe shagon.

An fi saninsa da goge wa amare ƙuraje, amma wani aikin ne ya sa nake jinjina masa.

A garin nan, in ɗayan tagwaye ya rasu, akan ɗauki hoton mai rai a wanke shi sau biyu a takarda guda, don kada wanda ya tafi ya yi kewa ya ja ɗan'uwansa. Shekarun baya, wata mai manja ta zo masa da 'yarta Taiwo, 'yar shekara bakwai. Ƙyanda ta ɗauke abokiyar tagwaicinta Kehinde, Taiwo kuma ta daina cin abinci.

Matar ta dangwarar da wani hoto a teburi. "Baba, dubi shirmen da mai hoton bakin tasha ya yi min. Yarinya ta kalla ta ce ita ce sau biyu."

"Ai gaskiya ta faɗa," in ji Baba. "Uwar tagwaye, ke da me kike bambanta su?"

"Ni da na haife su? Kehinde tana da tabo a gira, turmi ta faɗa wa. Ga karkatar da kai, kamar mai jiran ka gama magana ta musa."

Kwana uku ya yi a kan girar nan da wuyan nan. Da aka miƙa wa Taiwo hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta murtuke fuska.

"Kehinde, wa ya ba ki rigata?"

Uwar ta fashe da kuka. Ranar Taiwo ta ci tuwon amala, ta gutsura ta ajiye loma gaban hoton. Yau Taiwo 'ya'yanta huɗu.

Kai ne, Baba, mai tambaya kafin ya taɓa fuskar mutum. Rufe shagonka ya yi min ciwo. Mun gode, Allah ya saka maka, ya sanyaya idanun da ka ƙarar a kanmu.

Ku kuma masu gyaran hoto a waya, da kuke share fuska ta koma sumul kamar faranti, ku yi koyi da shi. Kafin ku goge tabo, ku tambayi uwa.