Hannun da Ke Cikin Aljihu

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin firamare da aka buga a ƙaramar maɗaba'ar da ke bayan tashar mota ya san aikin Aljihu, ko da bai san mutumin ba. Shi ne mai zana hotunan ciki. Wajen fuska kam sai dai a ba shi hanya. In ya zana tsohuwa tana faɗa, sai ka ji kamar ka ba ta haƙuri. In ya zana akuya, har rashin kunyar da ke idonta sai ta fito. Abu ɗaya ne ya gagare shi tun yana yaro har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, shi ne hannun ɗan Adam.

Da ya zo kan yatsu sai fensir ya yi masa gardama. Wata rana su fito kamar ayaba, wata rana kamar cokali mai yatsu da mota ta taka. To shi ma ba wawa ba ne, sai ya nemi dabara. Malamin makaranta a zanensa hannu a aljihu. Likita hannu a aljihu. Ɗan sanda mai kula da titi ya goya hannuwansa a baya, motoci kuwa sai Allah ya kiyaye. Da aka ba shi aikin hoton wanke hannu, sai ya cika kwanon da kumfa har gwiwar hannu, aka yi ta yabo wai ya nuna muhimmancin sabulu. Wanda ya ja masa suna shi ne mai tsaron raga a littafin motsa jiki. Ƙwallo na tahowa gadan-gadan, mutumin yana tsaye hannu biyu a aljihu kamar mai jiran motar haya. Tun daga ranar abokan aikinsa suka manta da sunansa na gaskiya.

Haka ya yi ta lallaɓawa shekara da shekaru, har ranar da ya ga tallar wani babban kamfanin littattafan yara. Suna neman mai zane, irin wanda ake rubuta sunansa a bangon littafi, amma sai mai digiri na biyu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya gaji da zanen da ba a san mai shi ba. Matarsa, wadda nas ce kuma ba ta iya ɓoye magana ba, ta ce masa, "Malam, ko dai ka je ka yi karatun nan, ko ka daina yi mini ajiyar zuciya a kan abinci." Sai ya ajiye aikin maɗaba'a ya nufi jami'a, ya ƙone hanyar komawa, don mai maɗaba'ar ya ɗauki wani a satin.

Mahaifinsa bai ga abin burgewa ba. Baba kafinta ne, shagonsa a jikin gidansu yake, kuma a wurinsa duk abin da ba a iya zama a kai ko a ajiye kaya a ciki ba aiki ba ne.

"Mutum da gemunsa," in ji shi, "zai koma makaranta ya koyi abin da ake dukan yara in sun yi a bango."

Ya faɗi haka yana nuna shi da hannun dama, na hagun yana aljihu, inda ya saba zama. Tun Aljihu yana rarrafe injin yanka katako ya cire wa Baba yatsa ɗaya a hannun hagu, wanda ke kusa da babban yatsa. Kowa a gidan ya sani, ba wanda ya taɓa ambata. Baba yana aiki ne fuskarsa na kallon bango, labule a sake. Mai shigowa sai ya yi gyaran murya, kafin ya ɗaga labulen hannun ya koma maɓoyarsa.

A jami'a Aljihu ya sami kansa cikin yara masu zane a kan allon kwamfuta, waɗanda da farko suka riƙa gaishe shi da ladabi suna zaton malami ne. Mai duba aikinsa wata Dakta ce, ƙanwar bayansa a shekaru, mai ƙaramar murya da ido kamar allura. Ya baje mata zanensa na shekaru yana jiran yabo. Ta juya shafi, ta juya, ta juya, sannan ta cire tabarau.

"Malam, sanyi ake yi a garinku?"

"A'a, Dakta."

"To ina hannuwan mutanen nan?"

Asirin da ya rufu shekara ashirin, ba ta kai ga shanye shayinta ba ya tonu. Ta ce fuskokinsa sun fi na kowa a sashen, amma ba za ta sa hannu a takardar mai zanen da ba ya zana hannu ba. Kuma don kada ya sami wurin ɓuya, ita ta zaɓa masa aikin kammalawa: littafin yara mai hotuna a kan yadda ake yin kujera, tun daga katako har a zauna. A kowane shafi sai an ga hannu yana aiki, ba kumfa, ba aljihu. In hannun bai yi ba, ba digiri.

Wahalar da ya sha a watannin nan sai wanda ya gani. Ya sa matarsa ta miƙa masa hannu, ba ta yi minti biyar ba ta ce tana da marasa lafiya na gaskiya suna jiranta. Ya koma zana nasa hannun, amma da yake da dama yake riƙe fensir, sai duk mutanensa suka fito da hagu biyu. A motar haya ya ƙura wa hannun wani fasinja ido, bai lura cewa hannun yana riƙe da jaka ba. Mutumin ya rungume jakarsa ya ce wa direba a sauke shi ko a sauke ɓarawon. Ya zana hannun mai nama, na tela, na mai gyaran waya, duk ayaba.

Wata safiya yana goge takarda har ta huje, matar tasa ta leƙo tana ɗaura agogo.

"Ni ban ga laifinka ba," ta ce. "Kai da ka tashi kana kallon Baba, ina ka ga hannu? Duk mutanen nan naka tsayuwarsa suke yi."

Ta fita abinta ta bar shi da baki buɗe. Ya jawo tsofaffin zanen ya duba. Likitan, malamin, har mai tsaron ragar, duk kafaɗar hagu ta ɗan sauka, duk Baba ne. Sai ya ji wani tausayi ya kama shi, na tsohon da na kansa.

Bai roƙi Baba ba, don ya san amsar. Katako ya sayo, ya aro zarto, ya zauna a tsakar gida daidai ƙofar shago, wai zai yi kujerar da kansa ya ga yadda ake yi. Ya riƙe zarton kamar mai yanka burodi. Zarto ya yi ta kuka, layi ya karkace, ƙusa ta lanƙwashe, ta biyu ma ta bi ta. Baba ya leƙo ya koma. Ya sake leƙowa ya yi tsaki. Da Aljihu ya ɗaga guduma zai buga ƙafar kujera a juye, tsohon ya kasa daurewa.

"Kai, tashi! Me katakon nan ya yi maka? Ba ni nan."

Ya fizge zarton, ya danne katakon da hagu, ya manta da duniya. Ga hannun nan a fili cikin hasken rana, baƙi, mai kaushi, jijiyoyi sun taso, yatsu huɗu sun kama katako kamar an haife su tare. Aljihu ya lallaɓa ya ɗauko fensir. Ba yatsu ya zauna ƙirgawa ba, mutumin ya zana, kamar yadda yake zana fuska, don hannun nan yana da taurin kai da fushi da haƙuri irin na mai shi. Kafin kujera ta tsaya da ƙafafunta ya cika takardu, kuma ko sau ɗaya bai goge ba.

Da Baba ya ɗago ya gani, hannun ya yi wuf ya shige aljihu. Ya daɗe yana kallon takardun.

"Ƙara masa yatsan," ya ce.

Aljihu ya gwada a gabansa. Yana ƙarawa hannun ya mutu, ayaba ta dawo. Baba da kansa ya ga haka, ya kau da kai.

"To bar shi. Kai musu. Amma kada ka kuskura ka ce wa kowa nawa ne."

Ranar kare aiki a gaban malamai aka jera zanen ɗalibai a babban ɗaki, aka ce iyalai su zo. Baba ya zo, yana ta nanata cewa kujerun jami'a ya zo gani. Mai yanke hukunci wani Farfesa ne da aka gayyato daga wata jami'a, dattijo mai natsuwa wanda Dakta ta riga ta ba shi tarihin Aljihu kaf. Ya tsaya a teburin, ya duba shafi na farko ya gyaɗa kai, na biyu ya ce madalla. A na uku ya sa bakin biro ya fara ƙirga. Ya koma baya ya sake ƙirgawa.

"Malam, hannun nan yana da rai, ban musa ba. Amma yatsu huɗu ne. A kowane shafi huɗu. Da can kana ɓoye su duka, yanzu ka koma ɓoye ɗaya-ɗaya?"

Yaran suka ƙyalƙyale da dariya. Dakta ta rufe ido. Matarsa ta zungure shi ta baya har sau biyu. Magana ɗaya ce za ta cece shi, tana kan harshensa, amma an hana shi ita. Ya tuna aikin da ya bari da bangon littafin da ba zai ga sunansa a kai ba. Ya haɗiye yawu ya ce, "Haka na gan shi, Farfesa."

"A ina?"

Aljihu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Farfesa ya jira, ya girgiza kai cikin takaici, ya buɗe biro zai rubuta hukunci.

Sai aka ji gyaran murya. Baba ya ratso yaran a hankali, ya zo gaban teburin, ya zaro hannun hagu ya shimfiɗa shi a kan takardar, gefen ɗan'uwansa na fensir.

"Ƙirga wannan ma, ɗana," ya ce.

Farfesa ya dubi hannun, ya dubi zanen, ya miƙe tsaye sosai. "Baba, a gafarce ni."

"Ba kai ka cire shi ba, inji ne." Baba ya dafa teburin da hannu biyu ya girgiza, tebur ya yi rawa. "Wa ya yi muku wannan? A nan kuke ba mutane digiri?"

An ba Aljihu nasa dai, a kan teburin mai rawa. A hanyar gida motar bas da suka shiga ta cika, Baba ya ƙi karɓar kujerar da wani ya ba shi, wai ba ta da kyan haɗi. Ya tsaya ya kama ƙarfen sama da hannun hagu, a saman kawunan mutane, inda kowa ke gani. Sai da suka kusa sauka tsohon ya yi magana, idonsa a kan titi.

"In littafin ya fito, ka rubuta a ƙasa cewa hannun babanka ne. Kada wani ya sake zuwa yana yi maka ƙirga."