Ranar da Rahama ta hana Inna ba ni manja

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu tambaya ko fushi na yi, ku yi haƙuri. Lahira na leƙa na dawo.

Kun san ina noman tumatir na rani a Watari. Wata Laraba da hantsi ina feshin maganin ƙwari, sai bakin famfon ya toshe. Na yi abin da kowa ke yi a fadamar nan, na kwance shi na sa a baki na busa. Na ji ɗaci, na tofar, na ci gaba. Ga tankin yana yoyo a bayana, rigata ta jiƙe sharkaf. Na ce ai rana za ta busar.

Kafin azahar kaina ya fara sarawa. Sai gumi, sai yawu yana dalala kamar na jinjiri. Maƙwabcin gonata ya goyo ni a babur, muna shiga gida na zube a tsakar gida.

Ina jin komai, amma harshena ya yi nauyi, ƙirjina sai gurnani yake yi. Wallahi na tsorata. Ina hango 'ya'yana biyu a bakin ƙofa, ina so in ce a fitar da su kada su ga fitar raina, bakin ya ƙi buɗuwa.

Mahaifiyata, Inna, ta rugo da kwanon nono an zuba manja a ciki. Haka muka tashi muka gani, wanda ya sha guba ɗura masa ake yi ya amayar.

Sai ƙanwata Rahama ta tare ta. Ɗaliba ce a makarantar koyon jinya a Kano, hutu ta zo.

Bari in faɗi laifina a nan. A makarantarsu akwai wata manhajar AI da ke kawo musu majinyacin ƙarya a waya. Yana magana, yana nishi, jikinsa yana sauyawa daidai da abin da ɗaliba ta yi masa. In ta yi kuskure ya mutu, manhajar ta nuna mata inda ta ɓata, a sake daga farko. Kullum na gan ta a kai sai na tsokane ta: "Malama nas, yau mutum nawa kika kashe?"

Ranar nan babu mai dariya.

"Inna, kada ki ba shi komai."

"Ke matsa min! Ɗan nawa zan zuba wa ido ya mutu?"

"Don girman Allah, Inna. Ba ya iya haɗiya, huhunsa zai tafi. Sau biyu ina yin wannan kuskuren, sau biyu mutumin yana mutuwa."

"Mutumin cikin waya?"

"Shi in ya mutu dannawa ake ya tashi. Yayana fa?"

Rahama ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba. Ta karɓe kwanon, Inna kuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

Daga nan ta ɗaura leda a hannuwanta, ta sa maƙwabcina ya yage rigar, suka wanke ni da sabulu da ruwa bokiti bayan bokiti. Ta kwantar da ni ta gefe tana share min yawu. Ta ce a ɗauko kwalbar maganin a tafi da ita asibiti.

A motar ɗaukar tumatir aka kai ni.

A asibiti aka sa min iskar oksijin. Allura kan allura, bayan kowace a haska idona da tocila, a saurari ƙirjina. An ɗebi jini har na daina ƙirgawa. Kwana uku ban san ko zan ga na huɗu ba. Duk sanda aka ja labule a gadon wani sai gabana ya faɗi.

Da na fara gane mutane, likita ya tambaya wa ya hana a ɗura min manja. Aka nuna Rahama. Ya ce, "Da an ɗura, da wuya a ce muna wannan hirar."

Kwana tara na yi. Tumakin Inna biyu suka tafi a magani, tumatir ya ruɓe a gona.

Na gode wa Allah. Na gode wa ma'aikatan asibiti, da maƙwabcina, da duk wanda ya yi min addu'a.

Manoma, don Allah kada ku busa bakin famfo da baki, ku sa tsinke. Rigar da ta jiƙe da magani a cire ta nan take, a yi wanka da sabulu. Wanda guba ta kayar kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da kwalbar.

Ranar da na dawo gida Inna ta dama min fura a wannan kwanon dai. Ta miƙo, sai ta tsaya, ta juya wajen Rahama.

"Malama nas, a ba shi?"